Daminar da Aka Kulle Hoda

Bana ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina, gero yana kai gwiwa. Da safe sama takan haɗa kamar za ta zubar, kafin azahar iska ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi, ta bar mu da gumi. A irin wannan rana ce jikana Nasiru ya shigo gida yana huci, ya jingine babur, ya ce ya zagaye kasuwar Bagudo bai samu maganin feshin da ya saba saye ba. Masu shaguna sun ce masa gwamnati ta dakatar da shi, wai ana bincike a ga ko yana cutar da mutane.

"Bincike!" in ji shi. "Sai da tsutsa ta shiga gona suka tuna da bincike. Kaka, wani babba ne kawai ya shigo da nasa maganin yana so a saya. Ni dai gobe zan haye Benin."

Maganar nan tasa ta kai ni nesa. Kusan haka na ji ta a bakin kakansa, a damina ta farko bayan an sauke tutar Turawa.

Ni 'yar Sarkawa ce, masunta, a bakin gulbi aka haife ni. Aure ne ya hau da ni tudu, wani ɗan ƙauye kusa da Kende, gidan manoma. A lokacin mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ɗiyar da nake goyo. Yayana Manu shi ya gaji jirgin babanmu da tarunansa. Rumfunansu suna can ƙasan gonakin ƙauyenmu, a bakin wani babban tafki da gulbi ke cikawa duk shekara. Kifin tafkin nan shi ne gonarsu.

Hodar ta riga 'yancin kai zuwa da kamar damina biyu. Malamin gona, Malam Garba, shi ya kawo ta a bayan kekensa cikin gwangwanaye. Fara ce sol kamar garin rogo, warinta kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Akan zuba ta a tsumma mai shara-shara, a ɗaure a bakin sanda, a bi kunya ana kakkaɓawa tun raɓa ba ta bushe ba. Kafin rana ta yi tsaka sai ka ga tsutsa ta zube. Mu da muka saba da barbaɗa toka da tsince ƙwari da hannu, sai muka ɗauke ta abin al'ajabi. Inna ta zuba ta a tulun wake. Muka barbaɗa ta a tsagin gado saboda kuɗin cizo. Mata suka riƙa murza ta a kan yara don ƙwarƙwata. Ba wanda ya ce mana a yi, ba wanda ya ce mana a bari.

Bazarar da ta biyo 'yancin kai ta zo mana a tsaye. A kakar da ta wuce gulbi ya cika da wuri ya shanye shinkafar fadama tun ba ta nuna ba, saboda haka gero kaɗai muka shiga rani da shi. Zafi kuwa, ruwan randa ma ɗumi yake yi, in ka taka ƙasa da rana sai ka yi ta ɗaga ƙafa kamar kaza. Nakan fita rijiya da sassafe, in dawo in yi surfe, in tankaɗe dusar in ajiye, don ta daina zama ta awaki, ta koma kunun mutane. Tuwo sau ɗaya a yini, da yamma. Sauran yinin sai kwaɗon zogale, da 'ya'yan aduwa da ake tsotsa har harshe ya yi kaushi. Duk ran kasuwa Yaya Manu kan biyo da ɗan busasshen kifi a ƙunshin ganye, ya miƙa mini ta kan zana. Da shi miyarmu ke samun rai.

Maigidana ne ke shiga rumbu ya miƙo zangarniya. Wata safiya na ji ya yi magana daga ciki, muryar ta dawo da amo kamar a cikin tulu. Muka dubi juna ni da Inna.

Da ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gari, har tsofaffi suka fito suka tsaya a cikinsa. Aka yi shuka, maza a gaba da sungumi, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Aka yi gayyar noman fari da ganga, kowa da cikinsa a ɗaure, amma ana dariya. Gero ya fito kore shar. Sai ruwa ya ɗauke. Sama ta yi fari, ganye ya fara naɗewa da rana. A cikin wannan tsaiko ne tsutsa ta ɓullo, baƙa mai ratsi, ba a san ta inda ta fito ba. In ka tsaya shiru a gona za ka ji ƙarar cinta, kamar yayyafi a kan ganye.

Ba mu damu ba da farko, tunda akwai hoda. Aka aika wa Malam Garba. Ya zo, amma bayan kekensa babu kome. Maza suka taru a ƙofar mai gari, mu kuma muka laɓe a bayan zana muna saurare.

Ya ce, "Umarni ya zo daga sama. An kulle sito. Gwamnati za ta bincika hodar nan, don ana zaton tana cutar da mutum da dabba. Har a gama, ba za a ba kowa ba. Wanda kuma yake da saura a gida, ya kawo."

Sai na ji muryar maigidana.

"Malam, bara magani na, bana guba ta? Mi ya sake?"

"Ni ma ɗan aike ne."

"To, ƙaƙa za mu yi da tsutsa? Ita ma an gaya mata ta dakata har a ƙare bincike?"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Malam Garba ya share zufa, ya ce a koma ga toka da tsinta. Wani tsoho ya ce, "Ruwa ba su tsami banza." Da wannan aka tashi.

Kafin gari ya sake wayewa kowa ya san dalili, sai dai dalilin kowa daban. A bakin rijiya na ji an ce Turawa ne suka tafi da maganinsu don mu ɗanɗana mulkin kai. Wata ta ce a'a, sababbin manya ne suka sayar da shi Faransa. Faransa muke ce wa ƙasar da ke bayan Illo, wadda ake kira Dahomi a lokacin, Benin ta yau. Wasu suka ce horo ne, don ƙauyenmu bai jefa ƙuri'a inda ake so ba. Masu sauƙin zato suka ce Malam Garba ne ya ga hanyar yin sabon aure. Ni duk wadda na ji sai in ga kamar ita ce gaskiya, don ba wadda ta fi a ce abin da ya cece mu bara shi ne zai kashe mu bana wuyar haɗiya.

Ana cikin haka baƙo ya iso. Dogo ne siriri mai tabarau, Hausarsa irin ta gabas, wani lebura na biye da shi da akwatin katako cike da kwalabe a cikin ciyawa. Nan take aka sa masa suna Mai Kwalabe. Ya ɗebi ƙasar gona ya zuba a kwalba. Ya ɗebi ruwan rijiya, ya ɗebi na tafki, ya roƙi tafin wake a gidaje. Maza suka ce in ka ga kare na shinshina takalmi ɗauka zai yi, mutumin nan ƙasarmu yake aunawa, ko dai za a ƙara haraji, ko za a ja iyaka a ba Faransa fadamarmu.

Da ya zo gidanmu na kai masa ruwa a ƙwarya. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye a gefe bai sha ba. Abin ya tsaya mini a rai. Baƙon da ya ƙi ruwanka, ko ya raina ka, ko ya san wani abu.

Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce, "Inna, ko akwai mai yawan ciwon kai a gidan nan? Ko rawar jiki, ko amai?"

Inna ta dube shi sama da ƙasa. Ta riga ta binne ɗan gwangwaninta a cikin tokar murhu.

"Lahiyarmu lau, ɗan nan, sai yunwa. Cikin kwalaben nan akwai wadda ka auna yunwa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce yana Kende har ya gama aikinsa, duk wanda ya ga wani abu ya neme shi. Haka ya bi gida-gida, kowa na ce masa lafiya lau.

Tsutsa kuwa ba ta jira ba. Muka fita tsinta, manya da yara, muna cika ƙwarya muna zubawa a wuta, yatsunmu sun yi kore. In ka share kunya da safe, da yamma ka tarar ta cika. Gonar da ke bakin hanya ta koma tsinke zalla. Sai labari ya zo cewa akwai wani ɗan kasuwa Badende a hayin iyaka da ke da hoda buhu-buhu, ba ya tambayar kowa daga ina yake.

Ina tankaɗe maigidana ya zo ya tsaya a kaina.

"Kulu, akuyarki nika so."

Akuyar nan babana ne ya ba ni ranar da aka kawo ni gidan. Na dubi ɗiyata da ke tsotsar nonon da ba kome a cikinsa. Na ce, "Kwance ta, Malam."

Su kaɗan suka tafi, kowa da abin da zai yi musaya da shi. Suka haye gulbin Kwara, suka bi hanyar daji ta bayan Illo don kada su haɗu da ma'aikatan iyaka. Bayan 'yan kwanaki suka dawo da buhu a naɗe cikin tabarma. Da aka kwance shi a zaure na leƙa. Ba fara ba ce. Ɗorawa-ɗorawa take, buhun babu rubutu ko ɗaya, kuma warinta na sa ido hawaye. Mai sayarwa ya ce musu ita ce dai, ta Faransa ta fi ƙarfi ne kawai. Wani ya rantse cewa tamu ce da aka kulle, ta haye ta sake launi ta dawo. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda ya tsaya sani.

Aka yi gayya da sanyin safiya, wannan karo ba ganga. Da yake maigidana ne ya jagoranci tafiyar, shi ya zauna bakin buhu yana rabawa da hannu a tsummoki. Ba riga a jikinsa saboda zafi, hodar ta manne da zufa har kafaɗa, ta hau gemunsa. Da ya gama rabo ya ɗauki sandarsa ya bi sahu. Kafin la'asar tsutsa ta zube a ƙasa kamar an watsa baƙin wake. Inna ta rangaɗa guɗa a tsakiyar gona. Ta ce, "Yau gwamnati ta ci kunya!"

Kashegari da yamma sama ta buɗe. Ruwa ne irin wanda ba ka ganin bukkar maƙwabci, ya yi ta zuba har kwari ya cika. Na tsaya a ƙofa ina kallon yadda yake gangarowa daga gonaki, yana bin kunya-kunya, yana haɗuwa ya nufi tafki. Raina fes, ina ta godiya ga Allah.

Da gari ya waye, da hantsi, aka fara ihu daga ƙasan gari. Tafki ya yi fari da kifi. Karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, duk sun juya ciki sama, wasu na ɗan motsi, iska na turo su bakin gaɓa. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su ƙoshi ba suka kwasa a guje da ƙorai da kwanduna. Na tarar da Yaya Manu a tsaye cikin ruwa har ƙugu, yana ɗaga hannu.

"Kada ku ci! Jama'a, kada ku ci! Kihi ba shi mutuwa haka!"

Wani ya ce, "Ji Basarke! Shina so mu bari shi kwashe shi kai kasuwa."

Aka ture shi aka ci gaba da kwasa.

Inna ta dawo da kwando cike, ta dire a gabana. Ba ta gama huci ba Yaya Manu ya yi sallama, rigarsa na ɗiga. Ya gaida Inna, sannan ya juyo gare ni.

"Kulu, kada ki dahwa. Kwaɗi ma sun mace, har tsuntsun da ya ci. Mi anka zuba ga gonakinku?"

Inna ta riga ni. "Toka munka zuba. Kai dai ba ka son mu ci kihin da ba ta hannunku ya biyo ba."

Ya dube ni, ya dube ta, ya juya ya fita. Na san yayana. Ko a shekarar da taru ya ƙi, bai taɓa hana maƙwabci kifi ba. Na ce wa Inna ba zan dafa ba. Ban taɓa yi mata musu ba sai ran nan.

"Ɗiyar Sarkawa!" ta ce. "Ashe jininku ɗaya. Tashi ki ba ni wuri."

Ta fasa kifin da kanta, ta ɗora tukunya. Ƙamshin ya tashi, ni ma kuwa yunwar nake ji.

Tukunyar ba ta nuna ba maigidana ya fito daga ɗaki yana dafa bango. Ashe tun ranar gayya kansa ke sarawa, bai faɗa ba. Ya yi taku kaɗan ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Jikinsa ya shiga karkarwa, haƙora suka datse, kumfa na fita ta gefen baki. Inna ta saki muciya ta rungume kansa tana salati. Ta ce iska ce, ta ce Mai Kwalabe ne ya tafi da ƙasar gonarsa ya yi masa aiki. Aka kawo rubutu, aka turara hayaƙi. In ya lafa kaɗan sai ya dawo fiye da na farko. Kafin azahar muka fara jin kakarin amai daga gidajen da suka riga mu sauke tukunya.

Mai gari ya aiko a gaya wa kowane gida kada wanda ya kai magana Kende. In hukuma ta ji an shigo da hoda daga Faransa, 'yan doka za su ɗaure mazan gari gaba ɗaya, a bar gonaki ba mai nomawa.

Na tsaya ina kallon mijina. In na je, wataƙila a ɗaure shi. Kuma ban yarda da Mai Kwalabe ba, ko kaɗan. Amma a duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai ya taɓa tambaya ko akwai mai rawar jiki. Na gyara goyona, na ɗaga zanan bayan gida, na gangara cikin caɓi da rana tsaka.

Na sami Yaya Manu zaune a kan jirginsa yana kallon tafki. Na gaya masa duka, da akuya, da buhu, da gayya. Ya saurara har na gama. Sai ya tashi ya tura jirgin cikin gulbi.

"Shiga," ya ce.

Ya kama tuƙi har Kende.

Muka tarar da Mai Kwalabe a zauren Malam Garba. Na durƙusa, kaina a ƙasa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ina jiran faɗa, sai na ji ya ce, "Wane launi gare ta?" Da na faɗa, ya miƙe tsaye har tabaransa ya kusa faɗuwa. Ya aika a kira malamin asibiti, muka cika jirgin muka juyo.

Suka sa aka wanke maigidana da sabulu tun daga gashi har tafin ƙafa, aka ƙone wandon da ya yi gayya da shi, aka yi masa allura. Jikin ya saki, barci ya ɗauke shi. Suka bi gidaje suna ɗura wa mutane ruwan gishiri don su amayar, suka sa aka haƙa rami aka binne kifin. Tukunyar Inna ta riga ta ƙone a kan wuta, ba wanda ya tuna da ita. Kowa ya tashi sai wani tsoho maƙwabcinmu, Baba Na'Allah, wanda dama yunwa ta ci ƙarfinsa. A wurin zaman makokinsa wasu suka ce kifi ne, wasu suka ce ajali. Wasu kuma suka rage murya suka ce, ai lafiyarsa ƙalau sai da baƙin nan suka ɗura masa abu.

'Yan doka sun zo, sun tafi da sauran buhun. An kira mai gari an yi masa faɗa, amma ba a ɗaure kowa ba. Wannan bai wanke ni ba. In na isa rijiya sai hira ta mutu. Na ji ana cewa ɗiyar Sarkawa ta sayar da gari don kifin gidansu. Inna ta daina cin abin da na dafa, ta koma dama kununta da kanta. Maigidana ya miƙe, sai dai hannunsa na dama bai daina rawa ba har ya koma ga Allah. Bai zarge ni ba, bai kuma yi mini godiya da baki ba. Amma ranar da wata daga dangin Inna ta zo tana zuga a mai da ni gidanmu, daga cikin ɗaki ya ce, "Wanda ya gaji da ganin Kulu shi bar zuwa gidan ga." Maganar ba ta sake tashi ba.

Ranar da Mai Kwalabe zai tafi ya biyo duba maigidana. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi.

"Malam, ita farar, ita ma tana kisa?"

"Ban sani ba tukuna. Abin da na zo nema ke nan."

"In ka sani za ka gaya mana?"

"In Allah ya so."

Ban sake ganinsa ba. Wata damina can gaba farar hoda ta dawo a sabon gwangwani mai hoton ƙoƙon kai, Malam Garba yana ta gargaɗi kada a sa a abinci, kada a shafa wa yaro, a wanke hannu. Ko ita ce ta da, ko wata ce, ko me kwalaben suka nuna, ba wanda ya zo ya faɗa mana. Yanzu mutane kan ji a rediyo da waya tun kafin abu ya iso, har sunan magani da dalilin hana shi. Mu umarni kawai muka gani, da ƙofa a kulle.

Kakar shekarar nan kuwa, gero ya yi kyau a gonakinmu, zangarniya kamar damtse. Ƙauyen da ke gaba da mu, da suka bi umarni suka tsaya ga toka, kara suka girbe, har suka zo suna yi mana sussuka don a ba su na tuwo. Mazan garinmu suka riƙa nuna su da baki suna cewa ga ribar biyayya. Amma tafki ya mutu. Ruwa cike, ba ko motsi. Tarunan Yaya Manu suka bushe a kan rumfa, 'ya'yansa suka rame, ya kuma daina biyowa ta ƙofarmu.

Da aka gama ɗaurin dami, maigidana ya zaɓi mafi kyau ya labta wa jaki, ya ce in shirya. Muka gangara da hantsi. Yaya Manu ya shimfiɗa tabarma, aka gaisa gaisuwar surukai, doguwa, ba wanda ya dubi idon wani. Aka sauke damman a gabansa.

Ya zare zangarniya ɗaya, ya shinshina. Ya murza ta a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin. Sai ya watsa ƙwayar a gaban wani jan zakara da ke tono a gindin rumfa.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kyauta ce fa, daga hannun suruki. Na saci kallon maigidana. Fuskarsa ta yi nauyi, ya danne hannunsa mai rawa da ɗayan, amma bai tashi ba.

Zakara ya tsince tas. Yaya Manu ya ƙara masa. Muka zauna. Aka yi zancen cikar gulbi, aka yi na jaki, zancen ya ƙare. Matarsa ta tsaya a bakin bukka da taɓarya a hannu, yara sun kewaye damman suna haɗiyar yawu, ba wanda ya taɓa. Aka yi azahar, aka dawo aka zauna. Duk inda zakaran nan ya nufa, idanunmu na biye. Da ya kwanta a inuwa ya lumshe ido, na ji zuciyata ta tsaya.

Can da rana ta karkata, wata kaza ta gifta. Zakara ya zabura ya bi ta a guje har bayan jirgi, ya dawo ya haye kan turmi, ya bubbuga fiffike ya yi cara.

Yaya Manu ya sauke numfashi. Ya juya wajen matarsa.

"A daka."

Da tuwo ya sauka, a akushi ɗaya aka zuba musu su biyu. Maigidana ya kai hannu, lomar ta suɓuce ta faɗi a kan tabarma. Yaya Manu bai ɗaga kai ba. Ya sa yatsa ya turo akushin har ya taɓa gwiwar surukinsa, suka ci gaba da ci.